Sha-kauci da Jar Dara

Aikina duba-gari ne. Na yi shi shekara da shekaru a Kazaure, in ban da 'yan shekarun da aka kai ni Roni. Karatuna bai wuce firamare da ɗan kwas ɗin da aka yi mana a Kano ba, amma abin da aka koya mini na riƙe shi. Idan na shiga gida, randa nake fara dubawa, sannan kwata, sannan salga, sannan bola. Ban taɓa farawa da salga ba, ko da warinta ne ya tare ni tun daga zaure.

Duba-gari ba shi da sanda, ba shi da bindiga. Maganarsa ce kaɗai makaminsa. In ya ce ya ga 'ya'yan sauro a randa, dole a yarda ya gani, domin kafin a kai gaban alƙali matar gida ta zubar da ruwan, ta wanke randar da toka, ta kife ta a rana. Ranar da aka fara shakkar idon duba-gari, aikinsa ya ƙare, ko da yana nan sanye da kakinsa.

Abin da zan faɗa ya faru ne da damina, ba a daɗe da daina fam da sule an koma naira ba. Lokacin ne kuɗin mai suka fara shigowa gari, kowa ya sayi rediyo, wanda bai iya duba lokaci ba ma ya ɗaura agogo.

A ƙuryar gidana, gefen rijiya, akwai lemun tsami, kuma kauci ya kama reshensa ɗaya, wanda ya sunkuyo ta gaban katanga. Na sa ranar da zan sare shi, don kauci kashe itace yake yi. Kafin ranar ta zo sai ya yi fure, jajaye sirara kamar ashana. Wata safiya ina alwalar walaha sai ga ɗan tsuntsun nan da ake kira sha-kauci, jikinsa bai fi babban yatsana ba, kore yana sheƙi, da jela doguwa kamar zare biyu. Na sha ganin irinsa tun ina yaro, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Ran nan na kalla. Ya sauka a reshe ya sha fure ɗaya, ya sha na biyu. Na uku yana can ƙarshen reshe inda babu wurin dafawa. Sai ya tashi ya tsaya a gabansa, a iska, ƙafafunsa a naɗe, bai taka komai ba, ya zura baki ya sha. Na ƙirga huɗu kafin ya tafi.

Kuskurena shi ne na faɗa a majalisa.

Majalisarmu a ƙofar shagon wani tela take, kusa da tasha, daga la'asar zuwa magariba. Telan nan ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma tun muna rarrafe kowa yake kiran ɗan'uwansa bawa. Allah ya ba shi hannun ɗinki, ya ba shi baki, sannan ya hana shi sauran abubuwa. Da ya ji labarina sai ya cire ƙafa daga kan keke.

"Ya tsaya ina?"

"A iska."

"Kujera ya tarar a can, ko da tasa ya zo?"

Na ce na faɗi abin da na gani.

"Bawana," in ji shi, "shekara nawa kana leƙa masan mutane? Na san wata rana tururin zai hau maka kai." Ya juya wajen limamin unguwarmu, wanda shi ne babba a majalisar. "Allah gafarta malam, akwai tsuntsu mai tsayuwa a iska a cikin littafi?"

Liman mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa. Ya ce Allah mai iko ne a kan komai. Tela ya ce shi ma ya yarda da ikon Allah, ikon idon duba-gari ne yake tantama a kai. Kafin kiran magariba ya raɗa mini suna, wai ni yanzu ba duba-gari ba ne, Duba-sama ne.

Na koma gida neman shaida. Maiɗakina ta ce tana ganin tsuntsun kullum, amma ita da tuwo a wuta ba ta da lokacin duba ƙafarsa. Inna, mahaifiyata, ta ce idonta ko zakara ba ya rarrabewa da buta. Ta ƙara da cewa in bar ɗan gwaggona da halinsa, uwarsa ma haka take.

Da abin ya tsaya a majalisa da na ƙyale. Mako biyu bayan haka na kai wani mahauci gaban alƙali saboda ruwan da yake wanke nama da shi. Na karanta abin da na rubuta, da rana da lokaci. Mahaucin ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta malam, mutumin nan fa shi ne ke ganin tsuntsaye a tsaye a sama. Me zai hana shi ganin sauro a garwata?" Mutane suka yi dariya, har ɗan doka ya juya fuska. Alƙali bai yi dariya ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ko akwai wani da ya gani tare da kai?"

Tunda na fara aiki ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba. Babu wanda ya gani tare da ni. Aka sallami mahauci da gargaɗi.

Asabar ta gaba na shiga motar Kano. A Sabon Gari na sami kyamara ta roba, baƙa, mara nauyi kamar gwangwanin da babu komai a ciki, irin wadda ma'aikaci zai saya bai fasa cefane ba. Tana da ɗan taga ja a baya inda lamba ke bayyana, daga ɗaya zuwa goma sha biyu. Wannan tagar ita ta sa na yarda da kyamarar. Mai sayarwa ya sa mini fim, ya ɗaga ta ya danna don ya nuna mini, hoto na ɗaya ya tafi ke nan ba a nemi izinina ba. Na sa ya maimaita bayaninsa sau biyu, na rubuta shi mataki bakwai a bayan littafin aikina: rana a bayanka, ƙafa a ware, gwiwar hannu a jiki, duba lamba, leƙa ƙaramin gilashi, riƙe numfashi, danna. Na takwas, wato murɗa fim, na ja masa layi biyu.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutanen gida. A wancan zamani hoto sai an je shago, an yi wanka, an zauna gaban labulen da aka zana wa jirgin sama. Jin cewa akwai kyamara a gida, maiɗakina ta ɗauro sabon zani, ta fito da rediyo ta ɗora a cinya. Na ce mata kayan aiki ne. Ta ce, "Malam, tsuntsun ne yake dafa maka?" Hoto na biyu ya tafi. Inna, wadda ta ce hoto aikin banza ne, ta riga ta zauna a kan tabarma da carbi. Na uku ya tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko sai ga tela ya yi sallama, ya shigo har tsakar gida, don gidan kawunsa ne ba mai hana shi. Babbar riga ce a jikinsa mai aska takwas, wadda na tabbata ta wani ce da bai zo karɓa ba, da jar dara sabuwa fil a ka.

"Na ji an ce bawana ya sayi akwatin kama aljanu. Fara da ubangidanka."

Na ce fim ɗin ƙirgagge ne.

"To zan gaya wa majalisa kyamarar ma ba ta gani, irin mai ita."

Na tsayar da shi inda rana ta yarda, wato gaban farar katanga, ƙarƙashin reshen nan mai kauci. Ya ƙame irin yadda mutanenmu suke yi wa hoto: ƙirji a gaba, hannun agogo a kan ciki, ido a zare, ba ƙiftawa, kamar an ce wanda ya motsa za a harbe shi. Ni kuma na buɗe littafi na bi matakaina ɗaya bayan ɗaya. Da na zo na huɗu na ga lambar ba ta zauna daidai a tsakiyar taga ba, sai na gyara, na koma na fara daga na ɗaya. Ba zan ɓoye ba, na ƙara komawa sau ɗaya da gangan. Ya daɗe a tsaye kamar turmi, gumi na bin wuyansa. Ta ƙaramin gilashin nan mutum gaba ɗayansa bai fi ƙwayar gyaɗa ba, don haka hankalina yana kan kada in yanke masa ƙafa. Na riƙe numfashi na danna.

"Da ka ƙara minti ɗaya da sai a yi mini sallah a tsaye," in ji shi.

Sauran takwas na tsuntsu ne. Kwana goma sha ɗaya na yi a kansu. Kowace safiya kafin aiki ina zaune a kan turmin daka, bayan randar wanka, kyamara a ƙirji. Na gano cewa yana zuwa ne bayan rana ta hau katanga, yana fara kuka siriri daga dalbejiyar maƙwabta, kuma ba ya son motsi ko kaɗan. In na ɗaga hannu ya tafi. Shi kuma duk tsayuwarsa a iska ba ta kai tsawon mataki uku daga cikin bakwai ɗina ba. Sai na koma yin shida tun kafin ya zo, in zauna da numfashi a riƙe ina jiran na bakwai. Sau ɗaya har na ga duhu-duhu. Maiɗakina ta zo wucewa da tsintsiya ta ce in na faɗi kada in faɗa rijiya, ita ake sha.

Da lamba ta kai goma sha biyu na naɗe fim, na sa a ambulan, na ba wani direban motar Kano ya kai wa mai wankin hoto.

Bayan kwana biyar direban ya dawo. Bai same ni a tasha ba, sai ya bar saƙon a shagon da ya fi kusa, kuma kowa ya san wane shago ne. Da na iso majalisa an riga an buɗe ambulan. Tela ya zare nasa hoton ya kai cikin shago, wai kada a ɓata masa da yatsu. Saura uku a hannun mutane: maiɗakina da rediyo, wanda na ƙwace nan take, da Inna, da wani mutum a kasuwar Sabon Gari yana shan rake. Har yau ban san ko wane ne ba, amma hotonsa ya fi na kowa fita.

"Ina sauran?" na ce.

Tela ya miƙe tsaye don ya isar da saƙon yadda ya kamata. "Mai hoto ya ce a gaishe ka. Ya ce huɗu ne suka yi. Takwas ɗin babu kowa a ciki, shi ya sa bai ɓata takardarsa ba. Ya ce in za ka sake, ka riƙa jira mutumin ya shigo kafin ka danna."

Na karɓi dodon hoton, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, na sa a aljihu. Asabar na koma Kano.

Mai hoton dattijo ne mai natsuwa, kuma ya yi mini bayani kamar yana magana da mara lafiya. Ya ce shi tunda yake sana'ar nan hoto na mutum ne: ango, ko mai tafiya Makka, ko mai neman aiki, ko wanda ya sayi babur. Ya ɗaga dodon a haske ya ce, "Duba, Malam. Bango. Bango. Itace. Bango. Wa zai rataya bango a bango?" Na ce a wanke duka takwas. Ya wanke.

Gaskiyarsa ce. Kyamarar roba ba ta san ƙaramin abu ba. A uku babu tsuntsu sam, ya riga ya tafi. A huɗu yana cikin ganye, kuma a hoto mara launi kore da kore duk toka ne. A guda ɗaya akwai ɗigo a gefen katanga. Ni na san shi ne. Na kai majalisa don ban saba ɓoye sakamako ba. Tela ya kai hoton kusa da hanci, ya kai shi nesa, ya lashi yatsa ya goga ɗigon.

"Allah gafarta malam, kashin ƙuda ne. Duba-gari guda, a kama shi da kashin ƙuda a aljihu."

Watan da ya biyo baya bai yi daɗi ba. In na yi sallama a gida sai in ji mata daga ciki suna cewa Duba-sama ya zo, a rufe tantabaru. Sau biyu na ga abin kai ƙara na rubuta gargaɗi kawai, don ba na son a sake yi mini tambayar nan. Wannan shi ne abin da na fi jin kunya a duk labarin.

Ƙarshen wata ne nake zagaya shagunan bakin tasha, kuma ban taɓa tsallake na ɗan'uwa ba. Na shiga shagon tela da safe. Tulu na fara dubawa, na tarar da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, na rubuta. Na duba kwata, na rubuta. Zan fita sai idona ya kai kan bango. Ya sa hotonsa a gilashi, ya rataya shi saman keke inda duk mai zuwa awo zai gani. Ran nan ne na fara ganinsa.

Ga tela a ƙame. Ga dara. Ga ƙarshen reshe ya sauko daga sama. Tsakanin reshen da darar, a kan farar katanga, akwai wani abu da ba ganye ba ne.

"Kana kallon ubangidanka?" in ji shi, da allura a baki.

Na ce ina kallo. Na rufe littafi, na gama sauran shaguna shida, don aiki ba ya tsayawa saboda tsuntsu. Asabar na kai wa dattijon nan dodo na huɗu na ce ya faɗaɗa shi iya girman takardar da yake da ita. Ya ji daɗi. Ya ce wannan kam hoto ne, akwai mutum.

Na zo majalisa da shi a naɗe cikin jarida, na ajiye a cinya. Na jira aka gama gaisawa, sannan na roƙi liman ya zama shaida, na ce tela ya ciro hotonsa na bango. Ya ciro da saurinsa.

"Na farko," na ce, "wannan kai ne?"

"Akwai mai kyau biyu a garin nan?"

"Na biyu, a ina aka ɗauka?"

"A gidan kawuna, wanda wani bawa ya gada."

"Na uku, tun da ya zo daga Kano, ya taɓa barin hannunka? Na taɓa shi?"

"Da hannun da kake buɗe masai? Allah ya kiyaye."

"Na huɗu, ranar da aka ɗauka, ka ga na rataya wani abu da zare a saman kanka?"

Ya ce bai gani ba.

Na warware jaridar na miƙa wa liman. Ya sa tabarau. A babban hoton ba sai an nuna wa mutum ba. Tsuntsun yana nan kamar taƙi ɗaya sama da darar, bakinsa lanƙwasasshe yana fuskantar furen ƙarshe, jelarsa ta sauko zare biyu, fukafukansa sun zama hazo saboda sauri. Ƙarƙashinsa babu reshe, babu komai, farar katanga ce zalla. Abin da na kwana goma sha ɗaya ina nema a bayan randa, tela ya same shi don ya iya ƙamewa fiye da ni, ga kuma jan abu a kansa.

Liman ya duba babban, ya duba ƙaramin na tela, ya sake duba babban. Ya ce, "Lalle wannan bai taka komai ba." Hoton ya zagaya majalisa hannu zuwa hannu, har masu jiran mota suka matso.

Tela ya karɓa daga ƙarshe. Ya daɗe yana kallo. Ni ina jiran ya ce ya yi kuskure, don haka tsari ya tanada.

"To ai ga shi nan," in ji shi. "Wurina ya zo. Kai kwana nawa kana fakonsa ya ƙi ka? Ni zuwa ɗaya ya taso gaisuwa. Tsuntsu ma ya san ɗan gida, ya san bawa." Ya rungume babban hoton ya ce ba zai bayar ba, fuskarsa ce a ciki. Washegari ya kai shi aka yi masa gilashi. Har ya bar sana'a yana gaya wa masu awo cewa shi ne mutum na farko a ƙasar Kazaure da ya gano tsuntsu yana tsayuwa a iska.

Na bar masa hoton. Tulunsa ne ban bar masa ba, don yana rubuce a littafi da rana da lokaci. Ranar Litinin muka tsaya gaban alƙali. Na karanta abin da na rubuta. Tela ya durƙusa, ya cire dara, ya ce, "Allah gafarta malam, a tambaye shi ko ya ɗauki hoton sauron."

Alƙali ya ce labarin hoto ya iso masa, har an kai masa hoton ya gani da idonsa. Ya juyo gare ni.

"Malam, ka gani?"

"Na gani."

"A rubuta," ya ce wa magatakarda, bai nemi kowa ba. Aka ci tela tara, aka ba shi kwana uku ya wanke tulu.

Tare muka taho gida, yana zagina tun daga ƙofar kotu har tasha. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata ba sai da babbar sallah ta zo. Kaucin kuwa na jira furensa ya ƙare, na sare shi ranar Asabar.